Tsiron wiwi da ya fi ƙarfin tantinsa: nazarin abin da ya faru a wani gida a Ontariyo

Asalin lamarin da matsayin doka

Mutumin da wannan nazari ya shafa magidanci ne mai shekara sittin da 'yan kai, tsohon ma'aikacin masana'anta da ya yi ritaya, yana zaune a gidan kansa a wani ƙaramin gari da ke kudancin lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Tun ranar 17 ga Oktoba 2018, da dokar tarayya kan tabar wiwi ta fara aiki a ƙasar, an yarda baligi ya shuka tsiro har huɗu a gidan da yake zaune, muddin irin ya fito daga wurin da hukuma ta amince da shi. Huɗun nan na gida ne gaba ɗaya, ko da mutum nawa ne a cikinsa, kuma a Ontariyo sai wanda ya kai shekara 19. Lardunan Kebek da Manitoba sun hana noman gida a lokacin da dokar ta fara aiki a 2018, har Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar wa Kebek ikon yin haka a watan Afrilu 2023. A Najeriya kuwa shuka wiwi laifi ne mai hukunci mai tsanani tun daga dokar 1966, kuma hukumar NDLEA ce ke farautar masu yin sa, don haka duk abin da za a faɗa a nan ya tsaya ne a kan ƙasar da doka ta halasta shi.

Akwai wani abu a tarihin dokar da ya taɓa batun kai tsaye. Daftarinta na farko ya ƙayyade cewa kada tsiron gida ya wuce santimita 100 a tsayi, amma kwamitin lafiya na majalisar wakilai ya cire wannan sharaɗi a 2017, kafin a kammala dokar. Ke nan babu wata hukuma da ta iyakance wa mutumin tsayin shukarsa. Rufin tantinsa kaɗai ne iyakarsa.

Wurin da kayan aikin, Nuwamba 2022

Ya kafa tanti na musamman, irin mai baƙin baya da ciki mai ƙyalli, a ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa. Faɗinsa santimita 120, tsawonsa 120, tsayinsa 200. A can sama ya ɗaure matatar gawayi mai tsotse wari tare da fankarta da bututunta, a ƙarƙashinsu kuma ya rataye fitilar LED da igiyoyi, fuskar fitilar ta tsaya a santimita 165 daga daɓe. Saboda simintin ɗakin yana da sanyi sosai a lokacin hunturu, sai ya ɗora tukwanen shukar a kan wani katako mai kauri, ta yadda fuskar ƙasar da ke cikin tukwanen ta kasance santimita 40 daga daɓe. Takardar da ta zo da fitilar ta ce a bar aƙalla santimita 40 tsakaninta da kan shuka idan an buɗe ta gaba ɗaya.

Idan aka cire waɗannan duka, abin da ya rage wa tsiro ya yi girma a ciki santimita 85 ne, ƙasa da rabin tsayin da aka rubuta a kwalin tantin. Mutumin bai yi wannan lissafi a lokacin ba, yana ɗauka cewa yana da mita biyu.

Ranar 6 ga Nuwamba ya shuka iri huɗu. Biyu daga jinsin da ake kira indika ne, gajere mai faɗin ganye da gaɓoɓi kusa da juna, biyu kuma daga jinsin da ya karkata zuwa satiba, mai siririn ganye da dogon kara, wanda asalin kakanninsa ƙasashe masu zafi ne da ke kusa da tsakiyar duniya. Ya saita agogon wuta ya ba su haske awa 18 da duhu awa 6. Wiwi tsiro ne da tsawon dare ke gaya wa lokacin fure. Muddin daren gajere ne, ganye da rassa kawai zai yi ta fitarwa, sai an ba shi duhu na kusan awa 12 ba yankewa sannan ya juya zuwa fure. Wanda ke noma a ɗaki, shi ne ke zaɓar ranar da wannan juyi zai faru.

Jinkirin juya haske, Disamba 2022 zuwa 8 ga Janairu 2023

Niyyarsa ita ce ya juya hasken ranar 18 ga Disamba, lokacin da dogayen biyu suke da santimita 40. Sai tafiya ta kama shi zuwa wajen 'yarsa don hutun ƙarshen shekara, ya bar wa maƙwabcinsa aikin ban ruwa kawai, bai so a canja komai ba ya nan. Da ya dawo ya tarar da shuka kore shar, ta cika tantin, abin ya burge shi har ya ƙara mata mako guda. Ranar 8 ga Janairu, mako tara bayan shuka, ya mayar da agogon awa 12 haske, awa 12 duhu. A ranar dogayen suna da santimita 70, gajerun 55, kuma bai taɓa datse kan ko ɗaya ba.

Miƙewa, 9 zuwa 15 ga Janairu

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya saba da wannan shuka. A makonni biyu zuwa uku na farko bayan an tsawaita dare, kafin furen ya kama sosai, kara yana miƙewa da sauri fiye da kowane lokaci a rayuwarsa. Gajeren jinsi kan ƙara kamar rabin tsayinsa, dogon kuwa kan ninka, wani lokaci ma ya wuce ninki. Ba sababbin gaɓoɓi ne ke yawaita ba, tazarar da ke tsakanin gaɓa da gaɓa ce ke buɗewa, kuma sinadarin girma da ake kira jibarelin shi ne ke tura ƙwayoyin kara su yi tsawo.

Abubuwa biyu a cikin tantin sun ƙara wa abin ƙarfi. Na farko cunkoso. Ganye yana shanye jan haske, ya bar wani nau'in jan haske mai nisa, wanda da ƙyar ido ke ganinsa, ya wuce ko ya dawo, kuma tsiro yana gane maƙwabcinsa ne ta wannan bambanci, sai ya yi sama don ya tsere wa inuwa, kamar yadda dawar da aka shuka a cunkushe kan tashi doguwa siririya. Na biyu bambancin zafin rana da na dare. Binciken John Erwin da Royal Heins a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, a ƙarshen shekarun 1980, ya nuna a kan furannin ado cewa yawan tazarar da zafin rana ya ba na dare, yawan tsawon da gaɓoɓi za su yi. A tantin mutumin nan zafi yana kai digiri 29 idan fitila na kunne, ya faɗi zuwa 16 idan ta mutu.

Ranar 15 ga Janairu dogayen sun kai santimita 88, wato sun riga sun haura iyakar 85 a mako ɗaya tak.

Matakai uku da ba su yi aiki ba, 16 zuwa 23 ga Janairu

Ranar 16 ya rage ƙarfin fitilar zuwa rabi, da tunanin cewa ƙarancin haske zai rage girma ya kuma kare kan shukar daga ƙuna. Kariyar ta samu na 'yan kwanaki, amma miƙewar ba ta ragu ba, domin tsiron da hasken ya yi wa kaɗan ƙara neman sama yake yi. Gajerun biyu, waɗanda dama dogayen sun fara yi musu inuwa, su ne suka fi shan wahala, ganyensu na ƙasa ya fara rawaya. Ranar 18 dogayen suna da santimita 98.

Ranar 19 ya ɗauki almakashi ya datse santimita 20 daga kan ɗaya daga cikin dogayen, ya bar ɗayar don ya gwada. Datse kai dabara ce mai kyau a lokacin ganye. Tohon da ke can ƙololuwa yana sakin sinadarin oksin, wanda ke danne rassan gefe, idan aka cire shi sai rassa biyu ko huɗu su taso a madadinsa, tsiron ya yi faɗi. Amma a rana ta goma sha ɗaya da juya haske wannan toho ya riga ya zama wurin da babban fure zai fito, kuma tsiron ba shi da sauran lokacin da zai gina wani. Cikin mako guda rassa biyu da ke ƙarƙashin yankan suka taso suka cike tsayin da aka cire, don haka ya rasa furen bai kuma sami wurin ba.

Ranar 22 wadda ba a datse ba ta kai santimita 112, saura 13 kawai ta taɓa fitilar. Ganyen samanta ya naɗe gefe-gefe, tsakiyar tohon ya yi fari fat, alamar haske ya kashe koren da ke ciki. A daren ya zuge ƙofar tantin ya bar ta a buɗe, ya jawo tukunyar zuwa bakin ƙofa don kan shukar ya leƙo waje. Wari ya cika gidan, domin matatar gawayi ba ta aiki sai iska ta bi ta cikinta, kuma fitilar matakala da ake kunnawa da dare ta riƙa shiga tantin a lokacin da ya kamata a ce duhu ne. Dare biyu aka yi a haka kafin ya rufe. Fitar da shukar waje gaba ɗaya bai ma taso ba, don a Janairu ƙasa a daskare take a Ontariyo.

A cikin waɗannan kwanaki wani ya ba shi shawarar maganin da ake kira faklobutrazol, wanda ke hana tsiro haɗa jibarelin, kuma masu furannin ado ke amfani da shi don shukarsu ta tsaya gajera. Ya ƙi, saboda ba a yarda a sa shi a wiwi a Kanada ba, kuma ba abu ne da mutum zai so ya rage a jikin abin da zai shiga cikinsa ba.

Sake tsarin tantin, 24 ga Janairu

Maƙwabcin da ya yi masa ban ruwa ya shekara da yawa yana aiki a gidajen gilashi na tumatir a yankin Liminton, inda ake noman kayan lambu a rufe fiye da ko'ina a Kanada. Da ya shigo ya duba, bai fara da shukar ba. Ya ɗauki tef ya auna daga daɓe zuwa rufi, yana nuna wa mai gidan inda kowane santimita ya tafi.

Suka sauke matatar gawayi da fankarta suka ajiye su a wajen tantin, suka haɗa bututun ta ramin sama. Suka cire igiyoyin fitilar suka ɗaure ta kai tsaye a jikin ƙarafan rufi, suka bar 'yar tazara don zafinta ya fita, fuskarta ta koma santimita 188 daga daɓe. Suka janye katakon da ke ƙarƙashin tukwane suka shimfiɗa siririn allon soso mai hana sanyi, fuskar ƙasa ta sauko zuwa 30. Aikin bai kai awa biyu ba, bai kuma ci ko sisi ba in ban da allon, amma wurin girma ya tashi daga santimita 85 zuwa 118. Gajerun biyu, waɗanda suka tsaya a wajen 80, yanzu sun yi wa fitilar nisa, sai aka kifa bokitai aka ɗora su a kai, kansu ya zo daidai da inda ake so. Aka mayar da fitilar cikakken ƙarfinta a hankali cikin kwana uku.

Duk da haka doguwar tana da santimita 120 a ranar, kuma ba ta gama miƙewa ba.

Lanƙwasa da raga, 25 zuwa 31 ga Janairu

A gidajen tumatir, inda kara ɗaya kan yi mita da yawa a kaka guda, ba a datse shi idan ya yi tsawo, sai dai a sassauta igiyar da ke riƙe da shi a kwantar da shi gefe. Maƙwabcin ya ce tunanin ɗaya ne a nan, sai dai karan wiwi ya fi tauri, dole a tausasa shi kafin ya yarda.

Da safiyar 25 ga wata, kafin a yi ban ruwa, lokacin da kara bai cika da ruwa ya yi ƙyam ba, suka zaɓi wuri tsakanin gaɓa biyu a daidai santimita 90, inda karan yake kore bai zama itace ba. Maƙwabcin ya matse wurin tsakanin babban yatsa da manuni yana murzawa a hankali har cikin ya yi laushi ba tare da fatar ta tsage ba, sannan ya kwantar da saman karan ya koma a kwance, ya ɗaure shi da waya mai rufin roba a jikin ƙarfen tanti. Haka aka yi wa kowane reshe da ya wuce wannan layi, a dogayen biyu. Mai gidan da ya gwada da hannunsa ya yi gaggawa, reshe ɗaya ya tsage har rabi. Aka haɗa bakin tsagar aka naɗe da salatif aka tokare shi da ɗan sanda, bayan kwana goma wurin ya warke ya yi ƙulli mai tauri, reshen kuma bai mutu ba.

Sannan suka shimfiɗa raga mai manyan idanu a santimita 95 daga fuskar ƙasa, daga bango zuwa bango. Amfaninta ya bayyana washegari. Reshen da aka kwantar ba ya zama a kwance, domin oksin yana taruwa a gefen da ke kallon ƙasa, gefen ya fi girma da sauri, kan reshen ya sake ɗagowa sama cikin kwana ɗaya. Don haka kowace safiya mutumin yana bin ragar ido-ido, duk kan da ya leƙo fiye da tsawon yatsa sai ya mayar da shi ƙasa ya tura shi zuwa ido na gaba. Da babban kan ya daina zama mafi tsayi, ƙananan tohon da ke jere a jikin karan da aka kwantar suka sami haske daidai, kowanne ya taso a matsayin fure mai zaman kansa.

Ya kuma sa ƙaramar na'urar ɗumama ɗaki a wajen tantin, a wani layin wuta daban don kada lodi ya yi yawa, zafin dare ya tashi zuwa digiri 21, na rana kuma ya sauka zuwa 26 tunda iska ta fi samun hanya. Ranar 31 ga Janairu, kwana 23 da juya haske, awo ya nuna babu ƙarin tsayi kwana uku a jere. Saman shukar duka huɗu ya tsaya tsakanin santimita 100 da 108, a shimfiɗe kamar tebur.

Matsalar da maganin ya haifar, Fabrairu

Ganyen da a da yake a tsaye cikin mita ɗaya da 'yan kai yanzu ya taru a shimfiɗa guda mai kauri, iska ba ta ratsa ta. Ma'aunin danshi ya riƙa nuna kashi 68 zuwa 70 cikin ɗari bayan fitila ta mutu, lokacin da iska ke sanyi amma ganye bai daina fitar da ruwa ba. Ranar 19 ga Fabrairu ya ga wani ganye a tsakiyar fure ya bushe ba dalili, da ya buɗe wurin ya tarar da fumfuna mai launin toka, wadda masana ke kira botiritis, wadda kuma ita ce ke ruɓar da inabi da tumatir. Tana farawa ne daga cikin fure mai kauri, inda ido ba ya kaiwa.

Ya yanke furanni uku da ta kama ya zubar da su a leda a ɗaure. Ya cire duk rassa da ganyen da ke ƙarƙashin raga, waɗanda dama haske ba ya isa gare su, ya sa fanka ta biyu tana hurawa daga ƙasa, ya kawo na'urar tsotse danshi. Danshin ya sauko wajen kashi 50, fumfunar ba ta sake bayyana ba. A makon ne kuma ya ga 'yan furannin namiji a jikin doguwar da ta kwana a bakin ƙofa, abin da tsiron mace kan yi idan an dame shi, musamman idan haske ya katse masa dare. Ya tsince su, amma wasu sun riga sun buɗe, abin da ke sa furen mace ya yi iri.

Girbi, Maris 2023

An girbe gajerun ranar 12 ga Maris, mako tara da juya haske, dogayen kuma ranar 26. Da aka kwance babban karan doguwar da ba a datse ba aka miƙe shi a ƙasa, ya kai santimita 148, fiye da ninkin tsayinsa na ranar juyi. Ita ce ta fi ba da amfani, duk da farin kanta da bai dawo kore ba da kuma ƙwayoyin iri da aka samu nan da can. Wadda aka datse ta ba da kusan rabin abin da 'yar'uwarta ta bayar. Gajerun sun zo tsaka-tsaki, ƙasa da abin da ake tsammani daga jinsinsu.

Hukunci

Tushen matsalar yana cikin makonni uku na jinkiri tsakanin 18 ga Disamba da 8 ga Janairu, tare da rashin cire tukunya da fitila da matata daga lissafin tsayi. Dogon jinsi da ke da santimita 85 a gabansa ya kamata a juya masa haske yana kusa da 40, wato daidai ranar da mutumin ya yi niyya tun farko. Haɗa jinsi biyu masu bambancin tsayi ƙarƙashin fitila ɗaya ya ƙara tsananta abin, domin duk matakin da aka ɗauka don dogayen, gajerun ne suka biya kuɗinsa.

Daga cikin matakan da suka gaza, datse kai ne ya fi tsada, kuma shi kaɗai ne ba a iya gyarawa. Rage haske ya ɓata mako guda, buɗe ƙofa kuma shi ne mafi kusantar zama sanadin furannin namiji, ko da yake ƙunar fitila da lanƙwasa ma damuwa ce ga tsiron. Sake tsarin tantin ya ba da santimita 33, wanda shi kaɗai da bai isa ba tunda karan ya kai 148, amma shi ne ya ba da sararin da aka yi lanƙwasa a tsanake. Lanƙwasa da raga su ne suka warware matsalar, saboda sun bar tsiron ya ci gaba da girman da ba a iya hana shi, suka karkatar da girman zuwa gefe inda akwai wuri. Game da daidaita zafin dare da na rana, bai kamata a jingina masa tsayawar miƙewar ba, domin an yi shi ne a lokacin da miƙewar ke gab da ƙarewa da kanta. Da an cire ganyen ƙasa tun ranar da aka shimfiɗa raga, mai yiwuwa da ba a yi asarar furanni ukun nan ba.

A shukar da ta biyo baya mutumin ya tsaya a kan tsiro uku na jinsi ɗaya, ya datse kansu sau ɗaya suna da mako huɗu, ya shimfiɗa raga kafin juya haske, ya kuma juya suna da santimita 40. Sun tsaya ƙasa da 90, matatar gawayin kuma ya bar ta a wajen tantin inda maƙwabcinsa ya ajiye ta.